Ba kowane zafin jiki ba ne maleriya, a daure a riƙa gwaji kafin a sha magani

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yanzu da ruwa ya zauna marka ta kankama, duk gidan da ka yi sallama a nan yankinmu na tsakanin Kura da Bunkure sai ka tarar da wani a kwance, in ba yaro ba to mai ciki, in ba ita ba to maigidan ne da kansa ya dawo daga gonar shinkafa yana rawar ɗari da tsakar rana. Mu kam ko da rani sauro ba ya ɗaga mana ƙafa, tunda ruwan dam ɗin Tiga yana bin magudanai har cikin gonaki ba rani ba damina, arzikinmu ne wannan ruwan kuma mun gode Allah, amma fa a cikinsa sauron yake hayayyafa. Shi ya sa a nan in jikin mutum ya yi zafi ba a ma tsayawa tambaya, maleriya ce kawai, in ta kwana uku ba ta sauka ba a ce ai har da taifot a ciki. Wannan saurin yanke hukuncin ne ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, don wallahi yana ci mana yara, kuma da yawa a cikinsu ciwon da ya kai su ƙasa ciwo ne mai magani, ba a dai gane shi da wuri ba ne.

Kowa ya san yadda abin yake tafiya. Uwa tana cikin gida tana fama, maigida yana gona, sai a ƙulle kuɗi a leda a ba wa yayar mara lafiyar a ce maza je ki gurin Dakta ki ce a haɗo na zazzaɓi, ki ce masa yaron shekararsa uku. Shi kuma mai kemis bai ga yaron ba, bai taɓa jikinsa ba, bai ji numfashinsa ba, kuɗin kawai zai duba ya haɗa abin da za su iya saya, farasitamol guda kaza, kafso mai ja da yalo guda biyu, maganin ƙarin jini, sai ya yago ƙwayar maleriya biyu ko huɗu daga jikin katin da aka yi shi don a shanye gaba ɗaya. Ni ba zagin masu kemis nake ba, da yawansu 'yan uwanmu ne, su ne suke buɗe ƙofa ƙarfe biyun dare, su ne suke ba da bashi har a yi girbi, a ƙauyuka da yawa in ka cire su to babu kowa. Amma ba mai iya sanin abin da yake cikin jinin yaro daga bakin 'yar aike, ko da kuwa babban likita ne daga asibitin Malam Aminu Kano ya zo ya zauna a bencin nan.

Maleriyar dai tana nan, ba ƙarya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sha faɗa cewa a duk masu kamuwa da ita a duniya wajen kashi ɗaya cikin huɗu a Najeriya suke, kuma mafi yawan waɗanda take kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Don haka wanda ya ce zazzaɓin damina maleriya ne sau da yawa zai dace, matsalar ita ce ranar da bai dace ba. Shi ya sa tun 2010 hukumar ta ce a daina ba da maganin maleriya da ka, a fara gwadawa tukunna, kuma gwajin yanzu ba sai an shiga birni ba. Ɗan wani abu ne na roba, a ɗan tsira wa yatsa allura, a ɗiga jini, a ɗiga ruwan gwajin, a jira minti 15 zuwa 20. Layi biyu akwai cutar, layi ɗaya babu. Ana samunsa a asibitin sha-ka-tafi, ana samunsa a kemis da yawa yanzu, kuma kuɗinsa bai kai na haɗin da za a yi ta saya sau biyu sau uku ana lalube ba. Sai dai in mutum bai daɗe da warkewa daga maleriya ba gwajin yana iya ci gaba da nuna layi biyu har 'yan makonni, to a gaya wa malamin asibiti abin da aka sha a gida da ranar da aka sha, kar a ɓoye masa don tsoron faɗa.

Inda ake samun rigima shi ne in layi ɗaya ya fito. Na sha ganin uwa ta ɓata rai ta ce Malam wannan abin naku ƙarya yake yi, ga yaro jiki rau ka ce min ba maleriya, ta saɓa ɗanta ta tafi inda za a ba ta abin da take so. Gwaggona ma haka ta ce min, kai ɗan nan tun kafin a haifi uwarka nake jinyar zazzaɓi. Na ce Gwaggo gaskiyarki ne, kin fi ni ganin zazzaɓi nesa ba kusa ba, amma shi zafin jiki sanarwa ce kawai cewa wani abu ya shigo, bai faɗi ko mene ne ba. In gwaji ya ce babu maleriya ba cewa ya yi a koma gida yaro lafiyarsa ƙalau ba, cewa ya yi a ci gaba da nema, a leƙa kunne, a leƙa maƙogwaro, a saurari ƙirji, a tambayi fitsari da bayan gida, a lanƙwasa wuya a gani. Ko nimoniya kaɗai ta isa, ita ma da zazzaɓi da tari take zuwa, kuma uwa da kanta za ta iya ganewa in ta ɗaga rigar yaro ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru, jariri daga wata 2 zuwa wata 11 in ya kai 50, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki in ya ja numfashi, to ba maganin maleriyar da zai taɓa wannan.

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne mashaƙo. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 annobarsa ta ɓarke a ƙasar nan, kuma Kano ce ta fi kowace jiha shan wuya, har sai da aka ware ɗakunan jinya a asibitin Murtala tare da likitocin MSF, wato ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa. Yadda yake farawa ne abin tsoro, don ba ya zuwa da wani tashin hankali, ɗan zazzaɓi ne mara ƙarfi da ciwon maƙogwaro, yaro ya ƙi cin tuwo ya ce haɗiya tana masa zafi. Iyaye su sayo haɗi. Bayan kwana biyu uku wata fata mai ruwan toka ta shimfiɗu a can cikin maƙogwaron, wuya ya kumbura, murya ta dashe, numfashi ya fara ƙara. A nan ne kuma wasu suke cewa beli ne a kira wanzami, ni ina ganin girman wanzamai, sana'ar gado ce kuma su ne suke mana aski da kaciya tun kaka da kakanni, amma don Allah maƙogwaron da yake da wannan fatar ba gurin aska ba ne, in aka taɓa ta jini take yi, tana iya ɓallewa ta toshe hanyar iska, ga kuma askar za ta je bakin wani yaron. Ita ƙwayar cutar dafi take saki a jini, dafin nan yana zuwa ya taɓa zuciya, shi ya sa za ka ga yaro kamar ya samu sauƙi bayan sati ɗaya ko biyu kuma a ce ya yanke jiki ya faɗi. Akwai allurar da take karya dafin, a asibiti kaɗai ake yin ta, kuma dafin da bai riga ya kama jiki ba take iya tarewa, don haka duk kwanan da aka ɓata ana shan na maleriya asara ce da ba ta dawowa. Mafi yawan yaran da ya kwantar kuwa waɗanda ba a yi musu rigakafi ba ne ko ba a cike musu ba, alhali allurar rigakafinsa tana cikin wadda ake yi wa jarirai a cinya a sati 6 da sati 10 da sati 14, kyauta.

Sanƙarau ma haka, sai dai shi lokacinsa daga hunturu ne zuwa tsananin zafin bazara, kuma shi ba ya jira, zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da amai, wuya ya sandare, jariri kuma maɗigarsa ta kumburo, cikin yini ɗaya rai yana iya yin halinsa. Maƙwabtanmu na Jigawa sun gan shi a 2023, kuma a 2024 Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da take tare nau'i biyar nasa. Na san da na ambaci sanƙarau da allura akwai dattijan da ransu zai sosu, kuma suna da hujja. A annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 sai a 2004 aka dawo da shi. Ni ba zan ce wa kowa ya manta ba, kuma duk ma'aikacin lafiyar da yake wa mutanen ƙauye kallon jahilai don sun yi tambaya bai san tarihin garin da yake aiki ba. Amma mu duba da idonmu, cikin sa'o'inmu guragu nawa ne suke tafiya a keken hannu, cikin yaran da aka haifa shekarun nan kuma nawa ne. A watan Agusta 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna, kuma ɗigon nan da aka yi ta bi gida gida ne ya yi aikin, da izinin Allah.

Sai maganar taifot, wadda ta zama kamar kowa yana da ita. Taifot ta gaskiya tana nan kuma muguwa ce, daga ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata ake ɗaukarta, zazzaɓinta a hankali yake hawa ya wuce sati, da ciwon ciki da kasala, in aka bar ta tana iya huda hanji sai an yi tiyata. Amma gwajin da aka fi yi mana, wanda ake ce wa Widal, wani likitan Faransa ne ya fito da shi tun 1896, kuma ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar da jiki ya bari na cewa ya taɓa karo da ita ko da wata mai kama da ita yake gani. Mu da muka tashi muna shan ruwan rijiya da na kududdufi da yawanmu ko lafiyarmu ƙalau zai nuna wani abu, maleriya ma tana sa shi ya nuna. Gwajin da yake tabbatarwa shi ne wanda ake ɗibar jini a ajiye shi kwanaki a ga ko ƙwayar za ta tsiro, shi kuma sai manyan asibitoci. To ka ga takarda ɗaya ta sa mutum ya sayar da buhun shanshera ya sha antibayotik da ƙarin ruwa leda leda a kan ciwon da ba shi da shi. Ɓarnar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Duk manomi a nan ya san in ka riƙa yi wa tumatir feshi da maganin da ka tsinka da ruwa fiye da ƙima, ƙwarin ba sa mutuwa, sabawa suke yi, baɗi ko ka zuba cikakke ba ya jin su. Haka kafso biyu yau uku gobe yake yi wa ƙwayoyin cuta a jikinmu, ranar da ake buƙatarsa da gaske sai a ga ya daina ci. Kulorokwin ma ai haka ta ƙare, da ita iyayenmu suka yi jinyarmu, sai da cutar ta daina jin ta aka canja magani wajen 2005.

In kuma layi biyu ya fito, to a yi maganin yadda aka ce. Irin su Coartem sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan awa 8 da na farko, sauran safe da yamma, yawan ƙwayar kuma da nauyin mai sha yake tafiya. A ba shi da nono ko madara ko abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki, in yaro ya amayar cikin rabin awa a sake ba shi. Abin da yake faruwa a gidajenmu shi ne a rana ta biyu jiki ya yi sanyi yaro ya tashi yana wasa, sai a ce Alhamdulillahi a soke sauran a jikin rufin ɗaki a ajiye wa ƙaninsa, bayan sati biyu zazzaɓi ya dawo a ce maganin jabu ne. Wannan maganin fa asalinsa daga wani ganye ne na ƙasar Sin ɗan uwan tazargade, wata mata mai suna Tu Youyou ce ta jagoranci fito da sinadarin har aka ba ta kyautar Nobel a 2015, don haka masu cewa a koma wa itatuwa ba su yi nisa da gaskiya ba, bambancin shi ne wannan an auna shi, jiƙon darbejiya kuwa ba wanda ya san nawa ya shiga cikin yaro. Kuma a daina matsa wa ma'aikaci sai ya yi allura, wai in ba a tsira ba ba a yi magani ba. Allurar atisunet ta mai maleriya mai tsanani ce, wanda ba ya iya haɗiya, shi ma bayan alluran sai ya cike da na sha.

Tsananin kuwa yana da alamu, kuma ina roƙon iyaye mata su riƙe su. Yaro ya ƙi kama nono ko ya kasa shan ruwa, ko duk abin da ya shiga ya dawo, ko ya yi laushi ana tashinsa yana komawa, ko tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari fat alamar jini ya ƙare, ko fitsari ya yi duhu, ko ya fara jijjiga idonsa ya kafe. Wannan ta ƙarshen ce ake cewa iska ce ko shafar aljanu a tsaya hayaƙi da ɗura masa jiƙo yana sume, abin ya wuce masa huhu. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ita ce makamina, a yi tofin a kan babur ana tafiya, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali ko komai a baki. Maleriyar da ta hau kai tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, wadda ta shanye jini kuma sai inda ake ƙarin jini.

Ga kuma maganin nan na kariya daga maleriya na damina da ake bi gida gida ana ba yara daga wata 3 har su kusa cika shekara 5, duk wata sau ɗaya tsawon watannin ruwa. Masu rabon suna ba da na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na rana ta biyu da ta uku, kuma a nan ake zubar da shi, ko don ɗaci ko don mantuwa ko don maigida bai ba da izini ba. Wanda aka ba shi daidai yana rage kamuwa da kusan kashi uku cikin huɗu, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai yara biyar a gida. Mai ciki ita ma in tana zuwa awo za a riƙa ba ta Fansidar bayan ta wuce wata uku, aƙalla sau uku kafin ta sauka, don maleriya tana shanye mata jini ta sa a haifi jariri ɗan mitsitsi. Gidan sauro kuwa raina yana ɓaci in na gan shi an kewaye irin tumatir da shi ko an rufe kaji, sauron da yake kawo cutar nan da dare yake cizo, lokacin da yaran suke kwance a tabarma a tsakar gida saboda zafi. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a Najeriya a Disambar 2024, da jihohin Kebbi da Bayelsa aka soma.

Abin da nake so mu ɗauka zuwa gurin mai unguwa da liman da dagaci guda biyu ne. Kwamitin lafiya na mazaɓa ya riƙa leƙa asibitinmu yana tambaya ko akwai kayan gwaji da magani tun kafin ruwa ya sauka, in babu a kai kuka ƙaramar hukuma da baki ɗaya, don ba adalci ba ne a ce wa talaka ya yi gwaji ya tako ƙafa ya zo a ce ya ƙare. Sannan kowace unguwa ta san mai babur ko mai a-daidaita-sahun da za a buga wa ƙofa da dare, a ɗan riƙa tara kuɗin mai a hannun amintacce lokacin girbi, mazan da suke kwana a gona ko suka tafi cirani kuma su bar wa matansu izini tun kafin su fita, cewa in yaro ya nuna ɗaya daga alamun can ta ɗauke shi ta tafi asibiti, ba sai an jira wayarsa ta shiga ba.